Masu Kiɗa Ido a Rufe

Akwai wani kiɗa da na san rabinsa kawai. Yakan zo mini ba sallama, ina cikin gyaran takardun ɗalibai a Madawa, ko ina tsaye bakin hanya ina jiran manyan motocin albasa su wuce in tsallaka. Sai in ji ina bin sa da hanci, yana hawa, yana sauka, har ya kai wani wuri inda ya kamata ya juya, sai ya tsaya cak. Daga nan ban san inda yake nufa ba. Shekara goma sha ɗaya ina kaiwa wurin nan ina tsayawa, kuma duk ranar da abin ya taso mini sai in wuni ina yi wa ƴaƴan mutane faɗa a aji, ba su yi mini laifin komai ba.

Kiɗan mahaifiyata ne. Babana ya yi mata shi da gurumi tun ba a haife ni ba, kuma duk duniya ba wanda ya iya shi sai shi. Ba a taɓa ɗaukar sa a kaset ba. Wa zai ɗauka? Abu ne na kullum da hantsi a tsakar gidanmu: Inna tana daka, tana cilla taɓarya sama tana cafewa, kaji suna zagaya turmi, shi kuma yana zaune a inuwar rumbu yana taɓa tsirkiya. Ranar da aka yi sadakar bakwai ɗinta, Baba ya naɗe gurumin cikin tsohon zanenta, ya rataye a ƙusa a ɗakinsa. Mutanen gari suka ce ya tuba, har liman ya zo yi masa barka. Baba bai ce i ba, bai ce a'a ba, ya dai shimfiɗa masa tabarma.

Garinmu yana bayan Tamaske, a gindin wani jan dutse mai shimfiɗaɗɗen kai. Da rani wurin ba shi da kyan gani, duwatsu ne da ƙaya. Amma in ruwa ya sauka sau uku, sai ka rantse wani gari aka kawo aka ajiye da dare: gero ya tsiro tsakanin jerin duwatsun da iyayenmu mata suka ɗauko a kansu don tare ruwa, fadama ta yi shar, rumbunan laka su yi duhu don danshi. A irin wannan lokaci ne Baba ya yi sunansa. Makaɗin gayya ne. In mutum ya tara jama'a su taya shi noma, Baba ke bin bayan manoma da guruminsa, kowane namiji da takensa, kiɗan da in ya ji ya san da shi ake.

A wani hutun lakwal, wato makaranta, na lura hannunsa ya fara rawa. Ya ɗauki kofin shayi, rabi ya zube a rigarsa, ya yi kamar bai gani ba. Ni na gani, kuma na san in hannun nan ya tafi, ya tafi da sauran kiɗan Inna. Na roƙe shi da lallami. Na aika yayata ta roƙe shi. Na saya masa sabuwar riga, na sake roƙo. Amsarsa ɗaya ce kullum: "Madam, bar wagga magana." Madam yake kirana tun da na fara koyarwa, rabi alfahari, rabi tsiya.

Da roƙo ya ƙi ci, sai na koma ga dabara. Na san halin ubana. Ba ya iya jin ana yabon wani makaɗi ya yi shiru, ko da makaɗin yana bayan teku ne. Akwai wani abokin aikina a kolej, mai koyar da Ingilishi, wanda ya dame mu a ɗakin malamai da labarin masu gitar na kiɗan da ake ce wa rok. Yana da wani dogon fim na tarihinsu, ana nuna su suna kiɗa, ana hira da su, wani yana bayani da Faransanci. Na ce ya zuba mini a ordinatata, wato kwamfutata ta hannu. Ya yi murna, a zatonsa ya samu almajira, ni kuwa ko a jikina.

Na tashi daga Madawa cikin damina, a motar kasuwa. Bayan garin Buza muka tarar korama ta kawo, muka zauna bakin ruwa rabin wuni muna kallon sa yana wucewa ja wur, ɗauke da rassan itace. Na rungume jakar ordinatar a ƙirji. Wata tsohuwa da ke kusa da ni ta tambaye ni ko magani na ɗauko wa mara lafiya, na ce mata kusan haka ne.

Baba yana da aboki guda wanda ba sa rabuwa, wani Buzu mai ɗinkin takalma da ke unguwar gabas. Kawu muke ce masa. Tun suna samari suke tsokanar juna, shi ya kira Baba maroƙi, Baba ya kira shi mai raƙumin aro. Kullum bayan azahar yana zuwa da butar shayinsa da ɗan murhun gawayi, su zauna ƙarƙashin itacen bedi na tsakar gida har la'asar. Kawu yana son gitar, irin ta mutanen arewa, yana da tsofaffin kaset da yake ɓoyewa cikin buhun fatu. Da shi na dogara, ko da yake ban gaya masa komai ba.

Na nemi abin da zan ɗora ordinatar a kai, ban samu ba sai turmin Inna. Ya tsage tun tuni, an kife shi a gefen rumbu ana zama a kai. Na mirgino shi inuwa, na goge, na ɗora. Baba ya dubi turmin, ya dube ni.

Fim ya buɗe da wani fili da ba a ganin ƙarshensa, mutane cunkus, hannuwa a sama, hayaƙi mai launi yana tashi, fitilu suna yawo a kansu. A nan gidanmu kuwa rana ce tsaka, iska tana kaɗa ganyen bedi, inuwar ganyen tana yawo a kan gilashin, har ya zama kamar taron nasu ma a ƙarƙashin itacenmu yake. Wani dogo mai gashi har kafaɗa ya fito, ya taɓa gitar, ta yi wata ƙara mai tsawo. Akuyarmu ta bar cin dusa ta ɗago kai.

"Bikin wa a kai?" in ji Baba.

Na ce ba bikin kowa ba ne.

"To gonar wa za a nome?"

Na ce babu gona. Mutane ne kawai suka zo jin kiɗa.

"To wa anka kira? Taken wa shika yi?"

Na ce ba taken kowa ba ne, nasa ne, shi ya ƙirƙiro abinsa. Baba ya gyara zama, ya dubi Kawu kamar ni ce na yi ƙarya. A saninsa babu kiɗan da ba shi da mai shi. Ko na farauta ne, ko na maƙera, ko na ƴan dambe, dole akwai wanda in ya ji zai miƙe.

Da aka nuno jama'a suna kaɗa kai, gashi yana tashi yana sauka, Kawu ya ajiye butar shayi ya ce ai wannan bori ne, ba sai an gaya masa ba. Baba ya ce in bori ne to an yi shi a juye, don ga makaɗin can ya durƙusa yana murɗe-murɗe, shi iskar ta hau. A wurinmu makaɗi yana zaune da hankalinsa, shi ke hawar da wasu. Wanda ya faɗi tare da masu faɗuwa, wa zai tashe su? Na yi ƙoƙarin bayyana musu cewa babu iska a ciki, salo ne kawai. Ba wanda ya saurare ni, kuma ban ji haushi ba, don abin da nake so ke nan.

Sai aka kawo wani siriri mai sauri. Wannan kam ko ni da ban damu ba na buɗe baki. Yatsunsa suna gudu a wuyan gitar har ido ba ya iya bin su. Kawu ya tafa cinya.

"Maroƙi, ka ga kiɗa. Kai shekara nawa kana jan igiya biyu kamar mai ɗaure akuya?"

Baba ya matso, ya sa yatsa a gilashin yana ƙirga tsirkiyoyin. "Shida," ya ce. "An ba shi baki shida, ya buɗe su dut lokaci guda. Mi ya ce? Kai da ka ji, gaya mini mi ya ce."

"Ba magana shika yi ba, gwaninta shika nunawa."

"Awo. Shi ya sa."

Suna cikin haka batir ya ƙare, gilashi ya yi baƙi, muka ga fuskokinmu mu uku a ciki. Gidanmu ba wuta, sai an kai shagon da ke da fanon rana mai ba da wuta a bakin kasuwa, a bari ya kwana. Kawu ya zuba shayi na biyu. Baba ya ce, yana kallon wani wuri, gobe in maido abin, yana son ya ga iyakar haukarsu.

Kashegari aka fara lafiya, aka ƙare da tsiya. An nuno wani ya gama kiɗa, ya kama gitarsa ta wuya, ya maka ta da ƙasa, ya sake makawa har ta rabu biyu, jama'a suna ihun murna. Baba ya miƙe tsaye. Na daɗe ban ga ɓacin rai irin wannan a fuskarsa ba. Ya ce shi ƙwaryar guruminsa sai da ya bi ta tun tana ɗanya a jikin yaɗo, yana juya ta don kada gefe guda ya kwanta, ya jira kaka, ya jira ta bushe, ya jira fatar da ta dace har wata biyar. Abin da ya ci da kai, ya tufatar da ƴaƴanka, shi za ka fasa a gaban mutane? Kawu ya ce wataƙila gitar ce ta yi masa rashin kunya. Baba bai yi dariya ba, amma ya koma ya zauna.

A nan ne na lura da wani abu. Hannunsa na dama yana kan gwiwarsa, kuma yatsa biyu suna motsi, suna bin kiɗan da ya gama zagi. In hannun yana zaune rawa yake yi. Da ya kama bin kiɗa sai rawar ta tsaya. Na kawar da kai da sauri kada ya ga na gani.

Can sai ya ce in tsayar da hoton. Na tsayar a kan wani mai gitar da ya ɗaga kai sama, baki a buɗe.

"Dube shi. Dut ɗinsu haka suke. Tun jiya nika lura. Ba ko guda da idonai ke buɗe."

Kawu ya ce daɗin abin ne ya kai musu ko'ina.

"Daɗin wa?" in ji Baba. Sai ya shiga bayani, a hankali, irin yadda bai taɓa yi mini ba. Ya ce a gayya makaɗi ba ya kallon guruminsa, ba ya kallon sama. Kafaɗun manoma yake kallo. Akwai yadda kafaɗar namiji ke yi in ƙarfinsa ya kusa ƙarewa, tun shi kansa bai sani ba. Da ka ga haka sai ka matsa bayansa ka saki takensa, daidai saukar hauyarsa, ba gaba ba, ba baya ba. In ka riga shi ka karya shi, in ka makara ka kunyata shi. Ya ce ya taɓa bin wani mutum kunyar noma bakwai, mutumin yana zazzaɓi, bai faɗi ba sai da aka kai ƙarshen gona. "Kiɗa ba naka ba ne, na wanda kaka kallo ne. Waɗanga suna da hannu, ban hana su ba. Ido ne ba su da shi. Ba makaɗi ko guda cikinsu."

Ya faɗi haka yana jin daɗin kansa, ya miƙa hannu a ba shi shayi. Ni kuwa haushi ya kama ni. Kwana biyu ina jigilar ordinata zuwa kasuwa, shekara goma sha ɗaya ina tsayawa a wuri guda, shi kuma yana zaune yana raba wa mutanen duniya hukunci. Bakina ya riga hankalina.

"Su dai suna kaɗawa. Kai mai ido, ina naka kiɗan?"

A gaban abokinsa na faɗa. Baba ya ajiye kofin bai sha ba, ya laluba takalmansa, ya fita zuwa masallaci, alhali la'asar da sauran lokaci. Na ji kunya har cikin ƙashina, amma don taurin kai na ci gaba da zama ina murtuke fuska.

Kawu ya bar ni na huce. Sannan ya ce, "Ɗiyata, lakwal ta ba ki baki, ba ta ba ki kunne ba. Ke kina zaton tuba ya yi?"

Na ce haka kowa ya ce.

"Kowa bai zauna inuwar rumbun ga ba. Ni na zauna. Kiɗan nan da kike nema ba shi kaɗai ya yi shi ba. Uwarki ke gaba da taɓarya, shi yana biye. In ta yi sauri ya yi sauri, in ta ja ya ja. Bai taɓa kaɗa shi ba sai tana daka, idonai na kanta. Yanzu ki gaya mini, wa kike so shi kalla?"

Na tashi na shiga ɗaki, na yi kukan da ban yi ba tun rasuwarta.

Da safe sai wata wauta ta zo mini, na ɗauka hikima ce. Na je maƙwabta na aro turmi da taɓarya, na zuba gero, na kafa shi daidai inda Inna ke kafa nata. Hannun da ya saba da alli ne. Bugu goma tafina ya yi ja, geron yana tsalle yana fita, kaji suna godiya. Na dage, ina gumi, ina satar kallon ƙofar ɗakinsa. Can muryarsa ta fito daga ciki, ba fushi a cikinta ko kaɗan.

"Madam, akwai injin niƙa bakin kasuwa. Ki ji tausayin turmin mutane."

Na mayar da kayan aro. Matar maƙwabcinmu ta duba tafin hannuna ta yi dariya har da riƙe ciki. A ranar na yanke shawara in haƙura. Na durƙusa na ba Baba haƙuri a kan maganar jiya, ya ce ya wuce, ai gadon baki na yi, ba daga ƙasa na tsinta ba. Na ce jibi zan koma Madawa. Ya ce to a ƙarasa kallon mahaukatan nan kafin in tafi.

An yi ruwa da hantsi a ranar kallo ta uku, ya ɗauke kafin azahar. Ƙasa tana ƙamshi, bedi yana ɗigo jefi-jefi, sai da na yafa wa ordinatar gefen mayafina. Gajimare suna tafiya ƙasa-ƙasa a kan dutse, haske yana zuwa yana komawa. Dukanmu jikinmu ya mutu. Ko gardamar ma a kasalance suke yin ta, Kawu ya jefa kalma, Baba ya daɗe kafin ya mayar.

Kusa da ƙarshen fim ɗin aka bar manyan filaye da hayaƙi. Aka nuno wani tsoho shi kaɗai a ɗaki, zaune a kujera kusa da taga, wuyansa duk jijiya. An nuna shi a baya yana saurayi yana tsalle a gaban jama'a, har Baba ya kira shi fara mai tsalle. Yanzu gitar tana kwance a cinyarsa. Ya yi ƴar magana, sannan ya fara taɓawa a hankali. Sauti guda, ya bar shi ya yi tafiyarsa har ya ɓace, sannan wani. Ya rufe ido.

"Mi ya ce?" in ji Baba.

Na ce yana bayanin irin itacen da aka yi gitar da shi ne.

"Ba wannan ba."

Na ce iyakar abin da ya faɗa ke nan. Baba ya ce in maido shi baya. Na maido. Ya matso har gemunsa ya kusa taɓa gilashin. Ya ce in sake. A karo na uku bai kalli yatsun ba sam, fuskar yake kallo, yadda kan tsohon ya ɗan karkata gefe guda, yadda yake dakatawa a wasu wurare kamar mai ba wani hanya.

"Wanga shina kallon wani," ya ce.

Kawu ya ce, "Maroƙi, tsufa ya kai ga idonka. Rufe suke ruf."

"Na gani. Wanda shika kallo ba ya nan ne."

Tsohon ya ci gaba da kiɗansa har batir ya ɗauke shi a tsakiya. Muka zauna muna kallon baƙin gilashi, ruwa yana ɗiga daga ganye. Sai Baba ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Tashi ki ɗauko mini abin ga da ke ga ƙusa."

Na tashi na ɗauko. Zanen Inna ya yi ƙura, ya kama siffar abin da ke cikinsa. Da Baba ya warware, sai ga tsirkiya guda ta tsinke, fatar kuma ta saki don danshin damina. Na ce a raina shi ke nan. Amma tsofaffin nan ko a jikinsu. Kawu ya zazzage jakar ɗinkinsa ya fito da zaren roba mai ƙarfi, ya gwada da haƙori, ya miƙa. Ya ture butar shayi gefe, Baba ya riƙe gurumin sama da garwashi yana juya shi, yana ƙwanƙwasa fatar da farce yana saurare. Ɗaurin tsirkiyar ya ba shi wuya, hannun yana rawa, sau uku zaren yana kuɓucewa. Na miƙa hannu in taimaka, Kawu ya harare ni, na janye. Aka kira la'asar suna cikin aikin, suka tafi suka dawo, suka ci gaba daga inda suka tsaya.

Rana ta yi sanyi lokacin da ya gama. Ya ce in sauke ordinatar daga kan turmin. Na sauke. Ya juya ya fuskanci turmin nan kifaffe, tsagagge, ya daɗe yana kallon sa. Na danna wayata ta fara ɗauka, na riƙe ta a hannu. Sannan ubana, wanda jiya-jiya ya kori makaɗan duniya kaf daga sana'a saboda rufe ido, ya rufe nasa.

Kiɗan ya fito da ƙyar da farko, kamar mai tashi daga barci. Sai ya miƙe. Shi ne, ba ko tantama. Yana hawa, yana sauka, kuma tsakar gidan ta cika da hantsin da ya wuce: ƙamshin gero jiƙaƙƙe, inuwar rumbu, gumi a bayan wuyan Inna, ni ina ƙarama ina korar kaji da kara. Rawar hannunsa ta tafi. Ina bin sa a zuci, muna matsowa wurin nan. Ya kai wurin. Ya tsaya cak.

Daidai inda nake tsayawa. Ashe shi ma ya manta, ashe na makara. Amma bai buɗe ido ba, bai sauke gurumin ba. Yatsunsa suna sama da tsirkiya, kansa ya karkata gefe, yana jira. Na dubi Kawu. Kawu ya ɗaga tafukansa biyu kaɗan, ya nuna mini su da haɓa.

Sai na ga Inna a zuci. A nan ne take cilla taɓarya sama, ta tafa sau biyu kafin ta cafe. Shekara goma sha ɗaya ina zaton mantuwa ce ke tsayar da ni, ashe wurin nata ne, kiɗan ne ke dakatawa ya ba ta hanya. Na yar da wayar a kan tabarma, na tafa sau biyu da tafukan nan da daka ya kumbura.

Kiɗan ya juya, ya gangara, ya ci gaba zuwa inda ban taɓa iya kai shi ba. Ba shi da tsawo ma. Ɗan gangare ne mai daɗi da ke komawa farko, don a sake zagayowa. Muka zagayo sau huɗu, ina tafawa ina hawaye. Da ya gama, idonsa a rufe har yanzu, ya ce, "Kin makara a na farko. Ita ba ta makara."

Kawu ya share fuska da gefen rawaninsa, ya ce to yanzu an yarda masu gitar makaɗa ne ko? Baba ya ce guda ɗaya, shi ma sai da ya tsufa. Suka ɗora daga nan har shayi ya huce.

Bai sake kaɗawa ba. Hannun yanzu ko cokali sai an taya shi, gurumin ya koma ƙusarsa. Abin da wayata ta ɗauka yana nan, rabinsa ƙarar tabarma ce da kukan akuya, ba na ma yawan kunna shi. Abokin aikina ya tambaye ni wane ne ya fi burge tsohona a cikin gwanayen nasa, na ce wani mai zama kusa da taga, ya ce ai wannan ba ya cikin manya. Na ƙyale shi.

Har yanzu kiɗan yakan zo mini ba sallama. Ranar nan ya same ni a bakin hanya, da jakar takardu a kafaɗa, motocin albasa suna wucewa. Da muka kai wurin, na maƙale jakar a hammata na tafa sau biyu. Wani mai kabu-kabu ya taka birki yana zaton shi nake kira. Na ce masa ya yi tafiyarsa, ba da shi nake ba.